Tafiyar Taliya daga Kwatano zuwa Maraɗi

Da yake ƙasar Nijar ba ta da teku, kuma da yawa daga cikin taliyar da ake ci a Maraɗi da Damagaram daga masana'antun Turkiyya take fitowa, ta shiga jirgin ruwa a Mersin ta yi makonni bisa teku, ya wajaba a kan duk wanda ya riƙi wannan fatauci ya san halin gaɓar ruwa kamar yadda ya san kasuwar garinsu. Saboda haka, da wani attajiri da nake riƙe wa lissafi ya wakilta ni in je Kwatano in karɓo masa kaya, a wata damina kafin a rufe iyaka a 2023, sai na ɗaura niyya da murna.

Na sauka a unguwar Zango, gidan wani dattijo mutumin Birnin Ƙonni, wanda ya daɗe yana fito wa 'yan arewa da kayansu daga tashar jiragen ruwa. Birnin Kwatano yana zaune ne tsakanin teku da tafkin Nokuwe, ga shi kuma damina biyu gare shi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Oktoba, har ya kasance rigar da aka wanke da hantsi takan kai la'asar ba ta bushe ba, iska kuwa ta yi nauyi a ƙirjin mutumin da ya tashi cikin hunturu.

Ranar da aka buɗe kwantenarmu, bayan wahalar takardu da ba ta cancanci a tsawaita ta ba, dattijon bai dubi kayan ba tukuna, rufin ƙarfen ya ɗaga kai ya duba, ya shafa da tafin hannu, ya nuna mini ruwa. Ya ce, "Malam, ka ga abokin gabarmu. Ba ruwan sama ba ne, gumin ƙarfe ne." Bayanin al'amarin shi ne, rana takan gasa kwantena da yini, iskar ciki ta ɗauki danshi, in dare ya yi ƙarfe ya huce sai raɓa ta taru a rufi ta riƙa ɗiga bisa katan-katan na sama. Ita taliya an busar da ita a masana'anta har danshinta bai wuce kashi 12.5 cikin ɗari ba, an kuma rufe ta cikin leda, rabin kilo rabin kilo, ashirin a katan guda, don haka da wuya laima ta same ta kai tsaye. Kwali shi ke fara shan ruwa, ya yi laushi, ya kasa ɗaukar nauyin na samansa, jeri ya rushe, tsinken taliya ya karye ya huda leda, kuma ta wannan 'yar kafa, wadda ido bai cika ganinta ba, fumfuna da ƙwaro suke samun hanya.

A siton dattijon na ga tsarin da ya burge ni matuƙa. Babu katan ko ɗaya da ya taɓa siminti, duk bisa katako suke, an bar tazara tsakaninsu da bango, kuma wanda ya riga shiga shi ke riga fita. Sabulu da kananzir ba su kwana ɗaki ɗaya da taliya, domin tana ɗaukar wari. Da yaransa suka gama sauke kaya, sai ya sa aka ware waɗanda suka jiƙe gefe guda, aka buɗe su ɗaya bayan ɗaya, aka sake wa masu lafiya kwali. Na ce, "Baba, wannan aiki ai zai ci mana kwana." Ya ce, "Gara ya ci kwana da ya ci mutunci." Na tuna abin da ya inganta a Sahihu Muslim, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya tarar da danshi a ƙasa, ya kuma yi wa mai shi inkarin ɓoye shi, malamanmu na Malikiyya kuwa sun tabbatar wa mai saye haƙƙin mayar da haja idan aibin da aka ɓoye ya bayyana. Sai dai wace mace ce a ƙauyen Gobir, wadda ta sayi ƙunshi ɗaya don baƙi, za ta iya bin sawun haƙƙinta har bakin teku? Ita ce ta fi kowa rauni a wannan silsila, kuma a kanta asarar take ƙarewa.

Muka ɗora kaya a tirela, aka ɗaure tamfol, muka bi ta Bohikon da Dasa zuwa Paraku, inda layin dogo ya tsaya, ruwa yana dukanmu kusan kowane maraice, direba yana sauka yana ƙara jan igiya. Daga Kandi iska ta fara sauƙi. A Malanbil muka yi zaman jiran 'yan duwan, sa'an nan muka haye gadar kogin Kwara zuwa Gaya, muka wuce Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, har Allah ya kai mu Maraɗi lafiya, inda mai kaya ya sayar da katan-katan da aka ware a kan rangwame, bayan ya bayyana wa dillalai aibinsu.

Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar aka rufe waccan gada ta Kwara, fatake suka karkata zuwa Lome, suna ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, kwantena tana daɗa jimawa a bakin teku kafin a sami izinin tashi, kuɗin mota kuma yana hauhawa bisa kowane katan.