Hotunan Cikin Gwangwani

A shekarar 1996 na sayi kyamarata ta farko, wata tsohuwar Yashica 'yar gwanjo, a kasuwar Sabon Gari, da kuɗin adashen da muke yi mu malaman firamare. Da na shigo da ita gida Tofa, Baba ya karɓa ya jujjuya, ya leƙa ramin ido, ya miƙo mini. "Malam ƙarami, kuɗin wannan buhun taki nawa zai saya?" Na yi shiru, domin na riga na yi lissafin a mota, kuma amsar ba ta daɗin ji ba ce.

Yaran yanzu ba za su gane takurar da ke cikin abin ba. Fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, in ka yi sa'ar ɗaura shi daidai ka samu ƙarin ɗaya. Ba ka ganin abin da ka ɗauka sai ka cika fim ɗin, ka kai birni an wanke, ka koma bayan kwana biyu ko uku ka karɓo ambulan. Saboda haka kafin in danna sai na yi ta shawara da zuciyata kamar mai sayen akuya. Ranar Asabar nake fita a keke, kyamara a rataye cikin riga, in bi hanyar Lambu, wani lokaci Doka ko Yanoko, in dawo bayan la'asar da hoto uku ko huɗu kacal.

Abin da na fara ɗauka da gangan jakuna ne. A ƙarshen rani, kafin ruwa ya sauka, za ka ga ayarinsu da mangala cike da taki, ana zubewa tsibi-tsibi a gonaki. Ƙasarmu ba ta san hutu ba. Mutane sun yi yawa, gonaki ƙanana, kowace shekara sai an noma kowane taku, kuma takin nan na dabbobi da shara da toka shi ne sirrin da ya sa ba ta gaji ba tun zamanin kakanni. Daga baya na ji cewa wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi bincike a kan irin noman nan na karkarar Kano tun cikin shekarun 1960. Mu dai a wurinmu aikin wari ne da ake tashinmu da asuba mu yi. A hoton da na ɗauka akwai wani dattijo a bayan jakunan, ya ɗaga hannu ya rufe fuska. Bayan na danna ya tsaya ya ce, "Ɗan nan, jakin ka ɗauka ko ni?" Na ce jakin, Baba. Ya ce to shi ba ruwansa da hisabi. Tun daga ranar ban ƙara ɗaukar babba ba tare da na yi sallama na nemi izini ba, mata kuwa ko kusa, sai 'yan gidanmu.

Akwai wani gawo a tsakiyar gonar Baba da na ɗora wa ido. Duk manomi ya san halin gawo: da damina, lokacin da kowace bishiya ke taƙama da ganye, shi sai ya kaɗe nasa ya tsaya tsirara, gero ya samu rana a ƙarƙashinsa, da rani kuma ya yi kore shar, awaki su taru suna cin 'ya'yansa. Na ƙudurta zan ɗauke shi sau huɗu daga wuri ɗaya, jikin wata kuka da ke kan iyaka. Na ɗauka ranar shuka, ƙannena na bin Baba yana sara da sungumi suna jefa iri suna takewa. Na ɗauka a watan Agusta, gero ya fi mutum tsayi, hadari ya yi baƙi ta gabas. Na ɗauka da kaka, an jera dammunan dawa, harawa a ɗaure a kan reshe don kada dabbobi su kai gare ta. Na hunturu ne ya ba ni kunya, ya fito fari fat kamar an shafa masa gari, ga ƙura ta shiga gilashin. Mai wankin hoto ya ce in riƙa naɗe kyamarar a leda, in bar fita da ita sai hazo ya lafa.

Kaka ta fi kowane lokaci cin fim. Yara da tumu a hannu bakinsu duk toka, ana yaɓen rumbu, Inna da matan gida suna sussuka a tsakar gida. Da Sallah kuwa, kamar kowa, nakan tafi birni kallon Hawan Daushe. Na ɓata hotuna da yawa a Ƙofar Kudu ina neman Sarki Ado Bayero, abin da nake samu ƙeyar mutane da saman laima.

Duk wannan a lokacin share fage nake ɗaukarsa. Burina teku. A hutun ƙarshen shekarar 1998 Kawu, wanda ke kai albasa kasuwar Mile 12, ya yarda in bi shi Ikko. Na sayi sabon fim na Kodak, na yi rantsuwa ba zan taɓa shi ba sai a bakin ruwa, amma da muka hau gadar Jebba da sassafe na ga faɗin kogin Kwara sai na karya rantsuwar da hoto biyu. Muka wuce Ilori, Ogbomosho, Badun, muka sauka Agege wurin 'yan uwa Hausawa masu goro.

Ranar Lahadi aka kai ni Bar Beach. Tun kafin in ga ruwan na ji rugugi, na ɗauka jirgi ne. Ni da kafin wannan tafiya babban ruwan da na sani shi ne kogin Watari in ya kawo, sai ga ruwa ba tsallake, yana tasowa ya fi soro yana dukan yashi. Ga masu fararen riguna ba takalmi suna addu'a suna kaɗa ƙararrawa. Wani mai hayar doki ya dube ni ya ce, "Malam, daga ina?" Ashe Bakatsine ne. Ya gargaɗe ni kada in matsa, ruwan nan yana janye mutum. Na ɗanɗana da yatsa, gishiri zalla. Cikin awa guda na cinye hoto 34, ni da nake wata guda ban gama fim ba.

A hanyar dawowa, ina barci a mota, wani yaron Kawu ya ɗauki kyamarar yana son ganin tekun a ciki. Ya buɗe bayanta. Ban nannaɗe fim ɗin ya koma gidansa ba, haske ya cinye shi. Da aka wanke, hotuna uku ne suka tsira, su ma gefensu ja kamar an babbake: gadar Jebba biyu, da ƙafar doki. Na yi sati ba na cin abinci da daɗi. Baba bai ce komai ba, wanda ya fi faɗa ciwo.

Bara ne, da muka zo rabon kayan Inna, Allah ya jiƙanta, aka fito da wani gwangwanin alewa daga ƙarƙashin gadonta. Ashe duk hotunan da na watsar don ina ganin ba su kai ba, ita ta tattara. Jakuna, rumbu, tumu, gawon nan sau huɗu. Muka zauna a tabarma muna miƙa wa juna, ƙanwata tana kuka, 'ya'yanmu suna tambaya ina ne nan. Gonar an yanka ta fuloti shekarun baya, domin birni ya biyo titin Gwarzo, ya wuce Rijiyar Zaki da sabuwar jami'ar Bayero, ya iso Janguza yana leƙo mu. An sare gawon, kukar ce kawai ta rage a jikin katangar wani. Bar Beach ɗin da na yi wa baƙin ciki ma an cike wurin da yashi ana gina Eko Atlantic, sai dai shi dubban mutane sun ɗauke shi. Gonar Baba kuwa ni kaɗai na ɗauka.

Yanzu kowane yaro a Tofa yana da kyamara a aljihu, fuskarsa yake ta ɗauka. Ɗana, in gonar gidanku tana nan, je ka ɗauke ta da kakar bana, ka kai a wanke maka a takarda, ka rubuta shekara da sunan wurin a baya, ka ba mahaifiyarka ta ajiye.