Ƙusar da Ke Jikin Ƙofar Tela

Tef ɗin awon tela inci 60 ne, ba ya wuce haka. Shekara da shekaru ina zama a shagon telan unguwarmu da yamma, amma ban taɓa lura ba sai ranar da na tarar ya sa yaron shagonsa ya danne bakin tef ɗin a ƙasa, shi kuma ya miƙar da shi a jikin katakon ƙofa har ya ƙare. Ya yi alama da alli, ya sake ɗorawa daga nan, ya ƙara inci shida saura kaɗan. A daidai wurin ya kafa ƙusa.

Na ce, "Malam, me za a rataya?"

Ya ce, "Ba rataya ba ce, Alhaji. Ɗan sanda ne. Na gaji da aunawa sau biyu."

A makon ne aka sanar a rediyo cewa an buɗe ɗaukar kuratan 'yan sanda. Tsayin da ake nema ga namiji mita 1.67 ne, mace kuma 1.64, shi ya sa tef ɗin ya gaza. Tun daga ranar, samarin da ba a ganinsu a shagon sai Sallah ta matso suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. Saurayi zai yi sallama, ya cire takalmi, ya jingina bayansa da katakon. Idan ƙusa ta taɓa masa ƙeya, sai ka ga fuskarsa ta washe. Idan kuwa ta wuce saman kansa, sai ya fara ɗaga dunduniya a hankali, tela kuma ya dafa masa kafaɗa ya ce, "Sauka, yaro. Can ba za su bar ka ka yi ɗage ba."

Bayan tsayi sai ƙirji. Ana son ƙirjin namiji, idan ya cika shi da iska, ya kai santimita 86, wato inci 34. Wannan awon tela bai cika buƙatar tef ba, don a littafinsa akwai ƙirjin kowane yaro na unguwar tun daga rigar Sallarsa ta farko. Duk da haka yakan zagaya musu tef ɗin don hankalinsu ya kwanta. "Ja numfashi. Riƙe." Waɗanda suka gaza da inci ɗaya su ne za ka gani bayan sallar asuba suna gudu a bakin titi, da yamma kuma suna ɗaga ƙarfe mai gwangwani biyu cike da siminti. Mai ƙosai da mai fura duk sun san lokacin ɗaukar 'yan sanda ya zo, ko ba su saurari rediyo ba.

Akwai wani dattijo da ke zama tare da mu, ya yi ritaya yana saje, har yau kuma Saje ake ce masa. Shi ya ɗora wa kansa sauran binciken. Zai ce wa yaro ya naɗe wando ya haɗa ƙafafu, ya duba ko gwame ne, ko kuma ƙafar ta lanƙwashe kamar baka. Zai sa a kawo buta a jiƙa masa ƙafa, ya taka dandamalin siminti, a ga sawun: idan tafin ya kwanta gaba ɗaya ba rami a tsakiya, sai ya girgiza kai. Zai dubi idanu ko akwai harara-garke, ya ce a buɗe hannuwa ya ƙirga yatsu, ya tambaya ko akwai zanen zamani a jiki. Daga ƙarshe ya daka tsawa, "Faɗi sunanka da na ubanka!" don ya ji ko da in'ina. Duk waɗannan suna cikin sharuɗɗan, ba shi ya ƙirƙiro su ba. Nakan ji tausayin wanda ya faɗi a nan, don ba abin da gudu ko ƙosai zai gyara ba ne, halitta ce. Saje kuwa ba ya ɓoye wa yaro gaskiya. Yakan ce gara ya ji daga bakinsa a inuwa, da ya kashe kuɗin mota ya je ya ji a tsakiyar rana.

'Yan mata ba sa zuwa jikin ƙusa. Yaro ake aikowa ya ari tef a shiga da shi gida, a dawo da shi bayan magariba. Su ba a auna musu ƙirji, amma ba a ɗaukar mai juna biyu. Na lura aron tef ya ƙaru tun daga 2022, lokacin da aka yarda 'yar sanda ta ɗaura ɗankwali a ƙarƙashin hularta. Na san gidaje biyu da wannan kaɗai ya sassauta zuciyar uba.

Hanyar kanta doguwa ce. Mai nema ya kasance tsakanin shekara 18 zuwa 25, yana da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Ya cike fom a intanet da lambarsa ta ɗan ƙasa, wato NIN, ya buga takardar. Fom ɗin kyauta ne, duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai sa sunan yaro, ɗan damfara ne, kuma kowace shekara sai sun ci wasu. Sannan a kira shi tantancewa a jiharsa ta asali, ya je da farar riga da farin gajeren wando, da takardunsa cikin fararen fayil, da hotunan fasfo, da takardar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, da ta babban mutumin da ya tsaya masa. Wanda ya tsallake ya zauna jarrabawar kwamfuta, wadda hukumar JAMB ta sha shiryawa. Sai gwajin likita. Sai watanni na fareti a kwalejin horo, irin ta Kaduna ko Maiduguri ko Ikeja ko Oji River. Masu son fitowa da anini a kafaɗa hanyarsu daban ce, su Wudil suke nema, inda ake shekara biyar a fito da digiri. A 2016, da aka ce za a ɗauki mutum 10,000, waɗanda suka nema sun haura 900,000. Ka raba dubu goma ga ƙananan hukumomi 774, kowace ba za ta samu fiye da mutum 13 ba. Samarin da suka jingina da ƙusar telanmu kaɗai sun fi haka yawa.

Amma abin da ya sa nake wannan rubutu ɗan ƙanwata ne. Ƙusa a ƙasan kunnensa take tsayawa. Ƙirjinsa ya kai inci 37. Saje ya zagaya shi sau biyu bai sami abin kushewa ba, har ya ce da zamaninsu ne, wannan shi za a sa a gaban fareti. Kiredit ɗinsa bakwai. Tela ya ɗinka masa farin wando bai karɓi ko kwabo ba. Ranar tantancewa ya fita tun kafin kiran assalatu, ya dawo da la'asar, wandon ko ƙura bai yi ba.

Na ce, "Yaya aka yi?"

Ya ce, "Kawu, ba su ma auna ni ba. A teburin farko aka tsayar da ni."

Ya baje mini takardun a kan tabarma. Sunansa na yanka sunan Manzon Allah ne, kamar rabin samarin unguwar. A takardar sakandare an rubuta shi Mohammed, sai sunan mahaifinsa. A katin ɗan ƙasa Muhammad ne, sai sunan garinmu, domin ranar da aka yi masa rajista an tambaye shi sunan dangi, ya rasa abin faɗi, ya ba da sunan gari. A takardar ƙaramar hukuma Muhammadu ne, a tsakiya kuma an saka laƙabin da ake kiransa da shi a gida, saboda sunan kakansa ya ci, uwarsa ba ta iya faɗin sunan. Ranar haihuwa kuwa, takarda ɗaya ta ce 1 ga Janairu, ɗaya ta ce watan Yuni na wata shekarar. Uwarsa ta san daren da ta haife shi kamar tafin hannunta: cikin azumi ne, ana yankan dawa, sanyi ya fara shigowa. Babu ko ɗaya cikin takardun da ta faɗi haka. Jami'in da ke teburin ya jera su, ya dube shi ya ce, "Mutum uku nake gani a nan. Wanne ne kai?"

Da farko raina ya ɓaci. Da na kwana na tashi, sai na ga jami'in bai yi laifi ba. Mutumin da za a damƙa wa bindiga, a ba shi ikon tsayar da kowa a hanya, dole a san ko shi wane ne, ba tare da kokwanto ba. Idan ana barin suna uku su wuce a matsayin mutum ɗaya, to mai takardar aro ma zai wuce, wanda ya rage shekara takwas ma zai wuce, wanda aka kora a wani wuri ya sake suna ma zai wuce. Mu ne kuma za mu gamu da su a caji ofis.

Abin da ya fi damuna shi ne yaron ba shi ya rubuta ko ɗaya daga cikin takardun ba. Lokacin da aka kai shi firamare yana ɗan shekara shida, wani malami ya tambayi ranar haihuwarsa, wanda ya kai shi ya ce bai riƙe ba, malamin ya rubuta abin da ya sauwaƙa. Ni ne na kai shi. Na tuna ina sauri zan wuce kasuwa. Ban duba abin da aka rubuta ba, kuma ban taɓa zuwa an yi masa takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ba, alhali ofishinta bai fi tafiyar ƙafa daga gidanmu ba. Ranar sunansa an yanka rago, an raba goro, liman ya faɗi suna, maroƙi ya shelanta, muka ɗauka magana ta ƙare.

A wajenmu suna abu ne mai rai, yana tafiya da mutum yana sauyawa. Akwai na yanka, akwai wanda alkunya ta haifar, akwai na ranar haihuwa irin Ɗanjuma da Ɗanladi, akwai na sana'a, akwai wanda aure ko aikin hajji ke ƙarawa. Ba mu da sunan dangi guda da ake gada daga kaka zuwa jika. Shi ya sa tun zamanin makarantun Turawa aka riƙa liƙa wa ɗalibi sunan garinsu, har muka sami Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wannan bai taɓa rikita kowa a unguwa ba, don mutum ake sani, ba harafi ba. Kwamfuta ita harafi kaɗai ta sani, "o" da "u" a wajenta mutum biyu ne.

Saje ya ce mahaifinsa ɗan doka ne na En'e, kuma ranar da aka ɗauke shi ba wanda ya tambaye shi takarda. An dubi girman jikinsa, an tambayi ɗan wane ne, mai unguwa ya ce ya san shi, shi ke nan. A Kano ma, shugaban 'yan dokan ɗan sarki ne: Ado Bayero ya riƙe muƙamin Wakilin Doka kafin ya hau gadon sarauta a 1963. Idan aka koma baya sosai, Hausawan da John Glover ya tara a Legas a shekarun 1860 ya ba su makami, da yawansu bayi ne da suka tsere, kuma daga irin waɗannan rundunoni aikin ya taso har aka haɗe 'yan sandan Kudu da na Arewa a 1930. Sanda da ƙarfin damtse aka nema a wurinsu. Wannan tunanin ne har yau ke kan samarinmu, shi ya sa wata uku suke yi suna gina ƙirji, fayil kuwa sai daren tafiya ake buɗe shi. Mu manya ma ƙusa muka kafa musu. Ba wanda ya ce, kawo takardunka mu jera su mu karanta harafi bayan harafi.

Gyaran ya ɗauki lokaci. An je kotu an yi rantsuwa, an buga sanarwa a jarida, an cike fom na sauya bayanai, an biya, an jira. Kafin komai ya daidaita an rufe tantancewar shekarar. A shekarun da takarda ta tsayar masa yanzu, saura masa biyu kafin ya wuce 25, kuma ba kowace shekara ake buɗe ɗauka ba. Bai daina gudun asuba ba. Farin wandon yana cikin leda a ƙasan akwatin uwarsa.

Yanzu a shagon an ƙara abu ɗaya. Duk saurayin da ya zo jingina da katako, kafin ya cire takalmi Saje zai ce, "Ina fayil?" Idan bai zo da shi ba, a kora shi gida ya ɗauko. Ni nake karantawa, don idon Saje ya yi rauni. Cikin samari tara da na duba wa a watan jiya, huɗu ne kawai sunansu ya zo iri ɗaya a kowace takarda.

Shekaranjiya da yamma wasu yara 'yan firamare suka biyo ta wurin, suna dawowa daga Islamiyya. Ɗaya ya ajiye jakarsa, ya jingina da katakon, ya ɗaga kai yana kallon ƙusar can sama da shi. Tela ya dakatar da keke ya ce, "Saura inci goma sha biyar, ɗana. Ci tuwo." Na kira yaron na ce ya rubuta mini sunansa a bayan littafin awo. Ya rubuta, na ce gobe ya zo mini da katinsa na makaranta in gani, ya kuma tambayo mini babarsa a wane wata aka haife shi.