Dala: Dutsen Da Ya Gaji Sunan Mai Gida

Mu 'yan Gyallesu ba baƙin dutse ba ne, ga Kufena nan yamma da birnin Zariya. Amma da wuya a samu yarinyar da ta san dalilin sunan dutsen garinsu. Shi ya sa da hutu ya kai ni Kano wajen gwaggona, na nace sai an kai ni Dutsen Dala.

Matakala aka yi masa ta siminti, amma kafin mu kai sama sai da na zauna sau biyu ina haki. Da na miƙe, wayyo daɗi! Ga birni shimfiɗe kamar tabarma, ga Goron Dutse can yana fuskantarmu, ga hasumiyar babban masallaci.

To, wane ne Dala? Tarihin Kano ya nuna sunan mutum ne, wani baƙo da ya zo ya gina gida a kan dutsen, ya zauna da iyalinsa, har aka riƙa kiran wurin da sunansa. A cikin zuriyarsa aka sami Barbushe, ƙaton mafarauci wanda aka ce da sanda yake kashe giwa ya ɗauko ta a ka. Shi ne mai kula da Tsumburbura, abin bautar mutanen wancan zamani, kuma an ce ya gaya musu wani baƙo na nan tafe da zai mulke su. Sai ga Bagauda ya zama sarki a 999. Musulunci kuwa ya kafu a fada zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), da zuwan Wangarawa.

Abin da ya ja mutane wurin tun farko shi ne tama. Masu binciken ƙasa sun gano alamun narka ƙarfe a nan tun wajen ƙarni na 7. Ashe garin da muke zuwa sayen atamfa da kayan ɗaki daga gindin dutsen nan ya tsiro.

Sai dai abin da na gani ya sosa mini rai. Gidaje sun matse gindinsa, ruwa na zaizaye gefensa, ga leda da shara ko'ina. Gwaggo ta girgiza kai ta ce, "'Yata, wanda bai san mai gida ba, ina zai san darajar gidan?"

Don haka 'yan uwa, tun kakanninmu na raye mu zauna kusa da su, mu tambaye su asalin sunan unguwa, da ƙofa, da dutse, mu rubuta a bayan littafin makaranta. Gobe mu ne iyaye, kuma abin da uwa ba ta sani ba, ba ta ba ɗa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Ku huta lafiya.