Rediyon Da Ya Tsara Yininsa Kamar Na Mutum

Abin da tsufa ya koya mini game da rediyo shi ne, tashar da ta fi amfanar jama'a ita ce wadda ta tsara yininta yadda mutum ke tsara nasa, da lokacin ibada da na neman abinci da na hutawa. Haka Rediyon Kaduna, wanda gwamnatin Sardauna ta kafa a 1962, ya yi shekara da shekaru. Da asuba a buɗe tasha da karatun Alƙur'ani, labarai su biyo baya. In hantsi ya dubi ludayi, kalangun Mamman Shata ko kuntigin Ɗan Maraya Jos su taya tela zama a kan kekensa. A karanto gaishe-gaishen Zaɓi Sonka, a saki wasan Samanja a yi dariya. In azumi ya kama kuwa, ga tafsirin Malam Abubakar Gumi daga masallacin Sultan Bello, ga na Shehu Ɗahiru Bauchi, duk a tasha guda.

Amfanin wannan gamin-gambiza yana ga wanda bai zo neman abin da ya samu ba. A wancan lokaci akwatin rediyo ɗaya ne a gida, an rataye shi a ƙusa ko an ɗora shi kan tabarma a zaure, kowa kuma da kunnensa. Saurayin da ke jiran Shata sai ya ji hukuncin zakka ko rabon gado, ya tashi da shi a ka. Malamin da ke jiran lokacin wa'azi shi ma ya ji Ɗan Maraya yana bayyana wahalar karen mota, mutumin da ba lalle ya taɓa zama gabansa ɗaukar karatu ba.

Akwai masu cewa rashin ladabi ne a sa kiɗa a tashar da ake karanta Littafin Allah. Ban raina maganarsu ba, domin malamai sun daɗe suna saɓani kan kayan kiɗa, kuma mai tsara shiri da zai saki waƙar batsa da rufe bakin mai karatu ya yi abin kunya. Sai dai laifin na rashin iya jera shirye-shirye ne, gyaransa kuma a ba kowane abu lokacinsa. Waƙa kanta tsohuwar hanyar wa'azi ce a ƙasar Hausa. Da ita Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta karantar da matan karkara ta hannun jagororin mata da ake kira jaji, kuma Imfirajin Aliyu Namangi ya shiga gidajen da littafi bai shiga ba.

Wasu kuma su ce zamani ya wuce nan, tunda kowa da wayarsa yana zaɓar abin da ransa ke so. Gaskiya ne, amma mutum ba ya zaɓar abin da bai san da shi ba. Yaron da ya cika wayarsa da waƙoƙin fim zai iya shekara bai ji fassarar aya ɗaya ba, wanda kuma ya cika tasa da wa'azin malami guda ba zai ji hujjar wani malamin ba sai a bakin mai zaginsa. Masu sauraron Kaduna kuwa, Gumi da Ɗahiru Bauchi duk sun ji su da kunnensu a cikin azumi ɗaya.