Naman tukunya da ƙahon falo

'Yan uwa, a Kasuwar Gombe nakan ji ana zagin mafarauci mai kawo bandar gada, wai shi ya ƙarar da daji. Ni dai raina yana tare da shi, don tukunya yake nema wa. A arewacin Kamaru, wajen Binuwai, Bature kan biya maƙudan kuɗi ya karɓi lasisi, ya harbe ɓauna, ya rataye ƙahon a falonsa, doka ta sa masa albarka. Namu kuwa in aka kama shi a Yankari, wadda aka killace tun 1956, sai kotu. Malamanmu ma sun hana kisa don nishaɗi.

Sai dai fa Baturen ƙidaya masa ake yi, yawanci tsohon namiji ɗaya. Tarkon waya na ɗan uwanmu kuwa har mai ciki yake shaƙewa.