Masu Ƙaurace wa Nama da Nono

Na ga wani Bature a kanti yana nazarin rubutun jikin gwangwani, gudun kada a ce da madara ko ƙwai a ciki, sai na tuna Musulmi a baƙuwar ƙasa yana tantance halal da haram. Ƙungiyar masu ƙaurace wa nama da nono irinsa, wadda Donald Watson ya assasa a Ingila a 1944, ba ta da wahayi balle alƙibla, amma akwai tsantseni da wa'azi, kai ka ce zuciyar ɗan Adam ba ta natsuwa sai ta shata wa kanta haddi. Tun gabaninsu ma Abul Ala'il Ma'arri, makahon sha'irin Sham da ya rasu a 1057, ya bar nama da nono da zuma don tausayin dabba, har malamai suka tuhumi aƙidarsa.