Keke mai sifirin

Cikin ƴan shekarun nan wani irin keke ya cika kasuwannin Maraɗi da Damagaram. Kun san shi: taya mai kauri, fenti ja ko kore shar, rubutun Turanci manya-manya a jiki, ga kuma wani sifirin a tsakiyar cikinsa, ƙarƙashin sirdi, kamar na babur. Duk yaron da zai shiga koleji shi yake so. Mu ma nan jami'a, idan burs ta faɗo, akwai waɗanda ba sa wuce shi. Mai sayarwa zai danna sirdin da tafin hannu, keken ya duƙa ya miƙe, ya ce maka ai wannan na dutse ne, da irinsa Turawa ke tsere. Rabin maganarsa gaskiya ce. Akwai keken da ake tseren gangaren dutse da shi, kuma wannan na kasuwa kamanninsa ya ara.

Abin ya dame ni ne saboda tun ina firamare nake yin hutuna a rumfar kawuna mai gyaran keke. Bayan rumfar akwai tulin gangar jikin kekunan da suka mutu. Idan ka tsaya ka duba, mafi yawansu masu sifirin ne, wasu ko fentinsu bai koɗe ba. Tsoffin Phoenix da Raleigh, waɗanda aka yi shekara da shekaru ana ɗora musu buhun hatsi da jarkokin ruwa, da wuya ka ga ɗaya a tulin. Su ana kawo su gyara ne su koma bakin aiki.

Bari in fara da na gaskiyar, don sai ka san abin da aka kwaikwaya kafin ka gane abin da aka bari a baya.

A 1976, a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, wasu samari suka fara tsere daga kan tsauni zuwa ƙasa, kan wata hanyar burji mai tsawon kusan kilomita 3 wadda ke gangarawa kusan mita 400. Kekunansu tsofaffin Schwinn ne na shekarun 1930 da 1940, masu birki a cikin cibiyar tayar baya. Kafin mutum ya iso ƙasa birkin ya yi zafi har giris ɗin ciki ya ƙone yana hayaƙi, dole a kwance a sake cusa wani. Daga wannan sake cusa giris ɗin tseren ya samo sunansa, Repack. Tsoffin kekunan na yawan lanƙwashewa da tsagewa, shi ya sa a 1977 ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya zauna ya ƙera sabuwar gangar jiki musamman don wannan wahala. Amortisa, wadda ƴan Najeriya ke ce wa shokozoba, ta zo daga baya. Paul Turner, wanda ya fito daga harkar tseren babur, ya kafa RockShox a 1989, kuma a 1990 Greg Herbold ya ci gasar duniya ta farko ta gangare a Durango da ƙafar gaba irin tasu. Abin da na riƙe a labarin nan shi ne, tun ranar da aka haifi wasan an yarda cewa keke zai sauko ne a buɗe shi a gyara.

Sau ɗaya tak na taɓa keken gangare na gaske da hannuna. Wani ɗan kasuwa ya same shi cikin kayan gwanjo da suka biyo ta Kwatano, ya saya wa ɗansa, yaron ya yi sati biyu ya ce keken ba ya tafiya. Aka kawo wa kawu. Ranar har masu faci na maƙwabta sai da suka zo kallo.

Nauyinsa ya kai kilo 17. Ƙafafun gabansa ba su tsaya ƙarƙashin wuya ba kamar na sauran kekuna, sun haura har saman wuyan, an ɗaure su da maƙalai biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sak na babur. Kowace taya tana iya nutsewa kusan santimita 20, taƙi guda ke nan. Ƙafar gaban kuma a kishingiɗe take, wajen digiri 63, ta miƙa tayar can gaba, don idan mutum ya fuskanci gangare kada ya kifa ta kai. Wannan kishingiɗar ce ta sa yaron ya ce keken ba ya tafiya. A kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Maraɗi kan keken yana faɗuwa gefe-gefe, kana taka feda yana shanye ƙarfinka. Ba a yi shi don zuwa lakwal ba. Masu shi ma ba sa hawa tudu da shi, mota ko kujerar igiya ke kai su sama, su sauko cikin minti 3 zuwa 5.

Kawu ya danna sirdin da ƙarfi ya saki. Keken ya nutse, sannan ya taso a hankali ya tsaya cak, kamar raƙumi mai miƙewa. Ya jawo wani na kasuwa da ke jiran gyara ya yi masa haka nan. Wannan ya yi tsalle har tayar baya ta bar ƙasa.

Ya ce, "Ɗan lakwal, ka gani? Wanga akwai mai ciki. Wancan sifirin ne tsirara."

Duk sirrin yana nan. Sifirin ajiya kawai yake yi: abin da ka ba shi, shi zai maido maka, nan take, da ƙarfin da ka ba shi. Idan ka faɗa rami ya matse, zai wurgo ka sama. Abin da ke kashe bugun shi ne mai. A cikin amortisa ta gaske akwai fistan da ke tura mai ta wasu ƙananan ramuka da siraran faifan ƙarfe, man yana wucewa da ƙyar, ƙarfin bugun ya koma zafi. Shi ya sa idan ɗan tsere ya sauko amortisarsa ta baya takan yi zafi, kuma shi ya sa ake maƙala mata wani ɗan tulu a gefe don ƙarin mai. Ana kuma saita ta daidai nauyin mai hawa, yadda da ya zauna za ta nutse kusan kashi 30 cikin 100, saura wuri ya rage na rami da na tudu. Amfanin wannan duka bai tsaya ga jin daɗin zama ba. Tayar da ke tsalle ba ta taɓa ƙasa, wadda ba ta taɓa ƙasa kuwa ba ta jin birki, ba ta jin kwana.

Da muka wanke keken ne muka ga dalilin da ya sa aka rabu da shi a Turai. Kawu ya shafa kananzir a wuyan, ya goge tas, ya barbaɗa garin alli. Bayan ɗan lokaci wani siririn layi ya fito a kan farin allin, ƙasan wuya, dab da bakin walda. Tsagewa ce, siririya kamar gashi.

Wurin ba bisa tsautsayi ya tsage ba. Doguwar ƙafar gaba kamar sandar ɓanɓare dutse take: duk lokacin da tayar ta daki wani abu ko aka dira daga tsalle, ƙarfin yana taruwa a wuya, yana neman ɓalle shi daga bututun ƙasa. Maƙeran sun san haka, shi ya sa suke kaurara wurin, su ƙara masa faci. Amma gangar jikin ta sanholo ce, alminiyam, kuma sanholo yana da wani hali. Ka ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, ba ka ja ta da ƙarfi ba amma za ta tsinke. Baƙin ƙarfe, muddin nauyin da ake ɗora masa bai wuce wani mizani ba, yana iya jure wannan kai-komon kusan ba iyaka. Sanholo ba shi da wannan mizanin. Kowane ɗan bugu yana rubuta shi a littafin bashi, wata rana kuma sai ya biya. Masu ƙera shi lissafi suke yi yadda ranar za ta yi nisa, ba sa cewa ba za ta zo ba.

Ɗan kasuwar ya ce a kai wa mai walda mana. Kawu ya ƙi. Ya ce, "Alhaji, wanga ba tukunya ba ne. In munka liƙe shi, gefen liƙin za shi karye, kuma bisa yaro za shi karye." Daga baya na gane abin da hannunsa ya riga ya sani. Irin sanholon da aka fi yin keke da shi, mai lamba 6061, zafin walda yana kashe masa ƙarfi a kewayen wurin. A masana'anta, bayan walda sai an saka gangar jikin gaba ɗaya a tanda mai zafin sama da digiri 500, a tsoma ta a ruwa, a sake gasa ta awoyi da wuta mai sauƙi kafin ƙarfin ya dawo. Wa ke da wannan tandar a bakin kasuwa? Phoenix kuwa in ta tsage, jan ƙarfe da wutar gas sun ishe ta, gobe ta ɗauki buhu. Na zamani masu zaren kabon sun ma fi wuyar sha'ani, don dutse kan daki bututun ya farfasa shi ta ciki, waje yana sumul.

Sai maganar gaɓoɓi. Kafin tayar baya ta motsa sama da ƙasa dole a yanka gangar jikin gida biyu a haɗa da gaɓa, kowace gaɓa da boris ɗinta. A nan injiniyoyi suka fi shan wahala, saboda sarƙa. Idan tayar ta nutse nisanta da feda yana canzawa, sarƙar ta ja, fedar ta harbi ƙafar mai hawa, amortisa ta kasa aikinta sosai. Mun sha kallon wani tsere a waya a fadarmu, muna shan shayi: Aaron Gwin a Leogang ta ƙasar Ostiriya, 2015. Yana barin layin farawa sarƙarsa ta tsinke, ya gangaro ba feda ko ɗaya, kuma shi ya zo na ɗaya. Gwaninta ce, ba musu, amma mutane da yawa sun ce rashin sarƙar ya saki tayar baya ta yi aikinta yadda take so. Wasu kamfanoni, irin su Commencal na Andora, sun ɗaga gaɓar sama yadda tayar za ta ja baya idan ta daki dutse, suka ƙara wani ɗan gare da sarƙar ke bi ta kansa don kada ta ja feda. Da irin wannan keken Amaury Pierron na Faransa ya ci kofin duniya na 2018. Kuma kada wani ya ce wasan na Turai da Amurka ne kaɗai: Greg Minnaar na Afirka ta Kudu sau huɗu yana zama zakaran duniya, na ƙarshe a 2021 yana da shekara 39.

To, duk waɗannan gaɓoɓi da robobi da mai, ci suke yi. RockShox da kansu sun ce a buɗe ƙasan ƙafar gaba a sauya mai da duba roba duk bayan awa 50 na hawa. Ɗalibin da ke yin awa ɗaya a kan keke kullum, kafin wata biyu ya cika awa 50. Ku ƙara da ƙurar hunturu, wadda ke shiga har cikin tukunyar da aka rufe. Idan ta haɗu da mai a bakin roba sai ta zama kamar takardar goge katako, ta cinye santsin bututun, man ya fara zuba. Sabon keken gangare ya fi miliyan 2 na sefa, kuma wanda ya saya ya san ya sayo wa kansa ɗawainiya ne.

Yanzu ku koma ku dubi na kasuwarmu da wannan idon. Gaɓa ɗaya ce, kusa ce aka zura cikin roba ko wani ɗan bututu, ba boris. Kafin shekara ta zagayo ramin ya buɗe, tayar baya ta fara kaɗa wutsiya, sarƙa na zamewa. Sifirin ba mai. Ƙafar gaba ba abin da ke hana ƙura shiga, damina ɗaya ta yi tsatsa ta daskare. An yanka gangar jiki an raunana ta, an ƙara nauyi, an ƙara wuraren lalacewa, ba a samu ko ɗaya daga cikin abin da ake yin yankan dominsa ba. Ni ban ga laifin yaron da ya so shi ba, kyau gare shi wallahi. Haushina shi ne kuɗin da uba ya tara daga gyaɗa ko wake, yana zaton ya sayi abin da zai kai ɗansa har brebe.

Bana ƙanena zai shiga koleji a wani gari mai nisa da ƙauyenmu, hanyar rabi burji rabi rairayi. Ya nace sai mai sifirin, har ya yi kwana biyu ba ya yi mini magana. Na kai shi bayan rumfar kawu na ce ya ƙirga da kansa. Muka samo masa wani na gwanjo mai gangar baƙin ƙarfe, ba gaɓa ba sifirin, kawu ya sa masa tayoyi masu faɗi, ya koya masa ya rage iska kaɗan in zai shiga rairayi. Har yanzu yana cewa keken tsofaffi ne, kuma ya liƙa masa sitika ja a bututun ƙasa.

Na Alhaji kuwa, kawu ya kwance shi. Birkin faifan ya koma kan keken wani malamin makaranta, tayoyin wani mai kai madara ya saya. Amortisar baya tana cikin akwatin kawu, a naɗe cikin tsumma. Ya ce ba ta sayarwa ba ce, yana so wata rana ya buɗe ta ya ga ramukan da man ke bi.